Jarumi Mai Fasa Tukwane

Kwana uku akuyar nan ta yi ɗaure a gindin darbejiyar gidana a Talata Mafara, tana kuka ba hutawa, hantsarta ta cika har tana ɗiga. Ƙanena Lawali ne ya kawo ta a kan babur, ya ce a yanka a yi mini romo don ƙashi ya yi saurin haɗewa. Lokacin ina wata na biyu a kwance. Mota ce ta ture ni a hanyar Bakura, ƙafar dama ta karye, mai ɗori ya ɗaure ta ya ce ko ƙasa kada ta taɓa. Ni kuwa tela ne, da ƙafar nan nake taka keken ɗinki. Matata Dije har ta aika a kira mahauci, ni na ce a dakata tukuna. Duk wanda ya taɓa kiwo ya san akuyar da ke irin wannan kuka ta baro ɗa a wani wuri, kuma ban san daga inda Lawali ya samo ta ba.

Shi dai Lawalin ne ya sa mini wani wasa a waya tun farkon kwanciyata, wai don kada tunani ya kashe ni. Ya ce tsohon wasa ne, an yi shi tun kafin a haife shi. Na yi masa dariya, na ce ni da gemuna zan zauna danna wasan yara? Kafin mako ya zagayo, Dije na kawo tuwo yana hucewa a gabana ban sani ba.

Gaskiya ɗaya ce, wanda ya tsara wasan nan gwani ne. Mutanen ciki ƙanana ne, duk kusurwa-kusurwa kamar aikin zare a jikin hula, amma kafin ka ankara ka fara jin tausayinsu. Kai ne wani saurayi mai gajeren takobi. Dodo ya kame ƙasarku, sai ka ratsa daji, ka shiga kogo, ka nemo mabuɗi, ka buɗe ƙofa, ka tarar da wata ƙofar a bayanta. Akwai ɗakin da na yi kwana uku ina tura duwatsu kafin na gane yadda ake jera su, ranar da ƙofar ta buɗe har kabbara na yi. Akwai wani maciji mai kai uku da ya kashe ni ya fi a ƙirga. Kiɗan da ake sawa idan ka fito fili daga cikin kogo kuwa, har yanzu nakan kama kaina ina rera shi a bakin keke.

Sai dai akwai abin da ake yi a wasan wanda ban tsaya na duba ba sai da akuyar nan ta zo. Kowane gida ka ga dama kana shiga, babu sallama, babu ƙofar da ke rufe. Ka tarar da tukwane jere a gefen ɗaki, ka ɗaga ɗaya ka maka da ƙasa, wani abu ya faɗo daga ciki, ko kwabo ko abin ƙara ƙarfi, ka ɗauke. Ka buɗe akwatin da ke kan gadon mutane ka kwashe. Ka fita ka sassare musu shuka. Mai gida yana tsaye yana kallonka. Na fasa tukwane sun fi ɗari, kuma wallahi daɗin ƙarar nake ji.

Rana ta biyu da zuwan akuyar, da la'asar, na shiga bukkar wata tsohuwa a bakin rafi a cikin wasan. Tukwane uku gare ta, na fasa duka. Sai na danna don in ji me za ta ce. Da ɗan Turancin da nake da shi na karanta, wai addu'ar nasara take yi mini, wai ni kaɗai suka dogara da shi. Na fita, hannuna ya goce na sake faɗawa ɗakin. Ga tukwanen nan uku a jere, lafiya lau, ko tsaga babu.

Jifa na yi da wayar a kan katifa. Dije ta shigo a guje, ta zaci ƙafar ce. Na ce mata ba ƙafa ba ce, ƙarya aka yi mini. Tukunya ba ta dawowa. Wanda ya ƙirƙiro wannan abu bai taɓa ɗaukar yumɓu a ka daga fadama ba, bai taɓa taka shi har tafin ƙafa ya tsage ba. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ni kaina. Ni, jikan maginiya, na yi wata guda ina fasa tukwanen mutane ina murna.

Kakata Iya Tumba maginiyar tukwane ce a Dosara, can ƙasar Maradun, inda aka haife mu. Gajera ce, baƙa, mai faɗan tsiya, yatsunta duk sun kanannaɗe saboda aiki. Randa ɗaya takan ci mata kwanaki: a haƙo yumɓu, a jiƙa, a taka shi da ƙaiƙayi, ta gina tana bubbugawa da ɗan katako, a shanya a inuwa, sannan a kai rana. Idan kaya suka taru da rani, sai a kwashe su zuwa matoya, wani fili a bayan gari inda ake gasa su. Ta kifa su ɗaya kan ɗaya, ta lulluɓe da kara da busasshen kashin shanu. Kashin shanun daga rugar Hajo muke ɗebo shi. Hajo Bafulatana ce, ƙawar Iya duk da Iya ta girme ta nesa ba kusa ba. Iya ta ba ta tukunya, ita ta kawo mana nono, ban taɓa ganin sun yi ciniki ba.

Ba a kunna wutar sai bayan magariba, idan iska ta kwanta, kuma dole a zauna a tsare ta. Wannan zaman shi ne tatsuniyarmu. Mukan zo da gyaɗa da dankali mu tura a gefen toka, Lawali yana kan cinyata don lokacin bai fi shekara biyar ba. Wutar takan tashi ta fi ɗaki tsawo, gabanka ya yi zafi, bayanka ya yi sanyi. Iya ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi ke yi. Cewa take, “Ga ta nan tahe, ku ba ta wuri.” Mu kuma mu ce ta shigo ta zauna. Wahalar sauraron Iya ɗaya ce: kunnenta ɗaya yana wurinmu, ɗaya yana cikin wuta. Ana tsakiyar labari sai ka ji tau, tukunya ta fashe. Ta yi shiru, ta yi salati, ta faɗi ko wacce ce, tulun wance ne ko kaskon wance. Da safe a tona a ga ita ɗin ce. Idan biyu suka fashe a jere, labari ya ƙare ke nan, wanda ya yi ƙorafi ya sha ranƙwashi.

Akwai tatsuniyar da ta fi yawan yi mana, mu kuma ita muka fi ƙi. Wai wani dodo ne ya zo ya zauna a kan rijiya ɗaya tak da wani gari ke da ita. Shekara uku ba mai ɗiban ruwa sai an yi tafiyar yini. Sai wani tsoho ya ce akwai laya a cikin wata tukunya a garin, wanda ya ɗaura ta a damtse takobinsa zai ci dodo, amma ba wanda ya san ko wace tukunya ce. Wani saurayi ya tashi ya ce shi zai yi. Iya ba ta taɓa raɗa masa suna ba, “ɗan banzan nan” take ce masa tun daga farko har ƙarshe. Ya shiga gida na farko, ya sa gindin takobi ya fasa randa, babu laya. Ya shiga na biyu ya fasa tulu. Haka ya bi garin kaf, har tukunyar wankan wata mai jego bai bari ba. Ko'ina ya fito mata na rangaɗa masa guɗa. A gidan ƙarshe, na wata makauniya, ya fasa 'yar tukunyar miyarta, laya ta faɗo.

Nan ne mu muke gyara zama, don faɗa muke jira. Iya kuwa sai ta ce, “Yat tahi yak kashe dodo.” Shi ke nan. Ba sara, ba tsalle, ba jini. Mu yi ta magiya ta ƙara, ta ƙi. Ta wuce zuwa wayewar gari, lokacin da mata suka fito da gammo za su rijiya, kowa ta duba ɗaki ta ga ba abin ɗiban ruwa, ba abin zubawa, ba abin dafawa. Ga ruwa nan fal a rijiya, mutane na kai wa 'ya'yansu a tafin hannu, kafin su isa gida ya tsiyaye. Na taɓa cewa, to ba su da ƙwarya? Ta ce shekara uku ba ruwa, a ina duma zai fito, mai kan kwakwa? Saurayi dai aka ba shi doki, ya hau ya nufi wani gari neman wani dodon. Tsofaffi suka zauna tsintar tsingaro. Sai Iya ta jefa kara a wuta ta ce tatsuniya ta bi hayaƙi.

Wata rana Lawali, da ya ɗan tasa, ya ce mata ai ya kashe dodo, me ya sa take zaginsa?

Ta ce, “Wa ya ce bai kashe ba? Ni abin da ni ka tambaya, mi ya hana shi sa hannu cikin tukunya ya laluba? Bakin tukunya a buɗe yake. Ni na gina, na sani.”

Muka yi dariya. A lokacin mun ɗauka haushin sana'a ne kawai, maginiya na kishin kayanta.

Iya ta rasu kafin ƙasarmu ta lalace, kuma ina gode wa Allah da bai nuna mata ba. 'Yan bindiga suka tashe mu daga Dosara. Ni na dawo Mafara da kekena, Lawali ya yi aure a wani ƙauye a hanyar Bakura, ya shiga cikin samarin da ke gadin garin. Ba zan rage masa komai ba. A waje suke kwana, cikin sauro da ruwan sama, da bindigar toka. Abokansa biyu da hannunsa ya sa su a kabari. Na sha bugun ƙirji da shi a majalisa.

Da yammar ranar da na yi jifa da wayar na kira shi, washegari da hantsi ya zo. Muka gaisa, ya duba ƙafa, ya tambayi dalilin da ba a yanka akuya ba har yanzu. Na ce ina so in san ta waye. Ko gezau bai yi ba. Ya ce sun je bincike gidajen da ke gefen gari, ko akwai mai ɓoye makami ko mai kai wa ɓarayi labari. Wani gida ba su sami komai ba, sai suka kamo awaki biyu na cefanen masu gadi, ɗaya an ci, ɗaya ta faɗo a rabonsa, shi kuma ya tuna da ni. Na ce gidan wa? Ya ce gidan Hajo.

“Wace Hajo?”

“Hajo dai da ka sani, Yaya.”

Ban san ta koma can ba. Abin da na sani, ɓarayin da suka tashe mu su suka kore mata shanu kaf, suka kashe ɗanta da ya bi sawu. Lawali ya ce yanzu tana zaune da jikoki uku da 'yan awaki. Ya ƙara da cewa in kwantar da hankalina, ita da kanta ba ta ce uffan ba, har bakin hanya ta rako su tana sa musu albarka.

Nan idona ya rufe. Na ce masa matar da ka sha nonon shanunta har ka yi kumatu? Na ce kun shiga kun bincika ba ku ga komai ba, to laifin me awakin suka yi? Ya ce kowa a garin yana ba da nasa, wani hatsi, wani kaza. Na ce bayarwa daban, kamowa daban, ka tambaye ta? Ya ce wane irin tambaya, su da ke ba da ransu.

Ya miƙe tsaye ya ce, “Kai kana nan kwance kana danna waya, mu muna can muna mutuwa. Ran da suka shigo, wayar za ta tare maka su?”

Maganar ta soke ni don akwai gaskiya a cikinta, shi ya sa ma na ƙara hawa. Na ce masa ɓarawo. Da bakina na faɗa, a gaban matata. Na ce ɓarayin daji sun kwashe shanu, na gida sun zo ƙarasa awaki. Ya dube ni ya daɗe, ya ce tunda haka ne ba zai ƙara taka gidana ba, akuya kuma ya ba ni, in na ga dama in yanka, in na ga dama in aura. Ya tada babur ya tafi. Na yi nadamar kalmar, har yau ina yi, amma ban yi nadamar tambayar ba.

Dije ta yi ta roƙona in bari ƙafa ta warke, ko in aika wani. Ta ce mai ɗori ya hana, kuma samarin can ba za su ji daɗi ba. Na ce wanda zan aika zai tsaya a hanya ya sayar. Da sassafe na sa aka kira mai keke mai ƙafa uku, aka ɗora ni a baya, ƙafa miƙe a kan matashi, akuya a ƙasa tana tattaka ni. Kowane rami muka faɗa sai na ji har cikin ƙwaƙwalwa, ina tafe ina tsine wa Lawali da hanya da wanda ya ture ni.

Bukka biyu ce a gefen gari, dannin ya kwanta ta gefe ɗaya. Keken bai gama tsayawa ba akuyar ta fizge igiya ta dira. Wani ɗan akuya ramamme ya fito daga bayan bukka a guje, ya durƙusa ya kama nono yana kaɗa wutsiya. Hajo ta fito. Ta tsufa ƙwarai, ta rankwafa, amma tana ganina ta ce jikan Tumba ne. Muka gaisa gaisuwa mai tsawo, ta tambayi Dije, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ta jajanta ƙafa, ta yi wa Iya addu'a. Duk wannan ba ta dubi akuyar ba ko sau ɗaya. Hanya take duba.

Na ce, Goggo, akuyarki na kawo miki, ki yafe mana.

Ta ce, “Ba tawa ba ce.”

Na ce ta dubi ɗan da ke tsotso. Ta ce ɗan akuya in yunwa ta kama shi kowace uwa yakan kama. Na ce Lawali da kansa ya gaya mini. Ta ce ita ba wanda ya ɗaukar mata komai, yaran nan kirki gare su, Allah ya tsare su. Na rantse mata ba abin da zai faru. Na ɗaga murya, ni da ko tsayuwa ba na iyawa, ina yi wa tsohuwa tsawa don ta karɓi kayanta. Jikokinta suka leƙo daga bukka suka koma. Sai na ji kunya ta rufe ni. Wace rantsuwa zan yi mata? Ni anjima zan koma Mafara, ita a nan za ta kwana.

Da ta ga ba zan tafi da akuyar ba, sai ta ce, a hankali, “To bar ta nan amana. In mai ita ya zo nema, sai in ba shi.”

Ta shiga ɗaki ta fito da ƙwan zabi uku a ƙulle a tsumma, ta ce in sha don ƙashi. Na karɓa don ban san yadda zan ƙi ba. 

Na koma wa wasan bayan kwana biyu, da niyyar in ƙarasa shi ba tare da na ƙara fasa tukunya ko ɗaya ba. Na yi nisa, da wahala, ina ta mutuwa don ba abin ƙara ƙarfi. Sai na iso wani gari inda mabuɗin ƙofar gaba ke cikin tukunyar wani gida. Na danna duk abin da ake dannawa a wayar nan. Akwai na sara, akwai na ɗagawa, akwai na jifa. Babu na sa hannu a laluba, babu na roƙon mai gida. A nan na tsaya, kuma ban san yadda dodonsu ya ƙare ba.

Da ina yaro na ɗauka tatsuniyar Iya a kan gaggawa take, wai a riƙa yin abu a hankali. Da na girma na ɗauka a kan masu ƙarfi take. Sai a ƙofar bukkar Hajo na lura da abin da Iya ke faɗa kowane lokaci muna wucewa ba mu ji ba, wato guɗar da matan nan ke yi. Mace tana kallon randarta a tarwatse, mai takobi yana tsaye a tsakar gidanta, dodo yana kan rijiya, me za ta yi in ba guɗa ba? Shi kuma ya ji guɗa ya ɗauka izini ne. Lawali bai yi mini ƙarya ba da ya ce ta sa musu albarka. Abin da ke ci mini rai ke nan, har zuciyarsa ya yarda ta yafe.

Wata bakwai ke nan. Ƙafa ta haɗe, na koma kan keken ɗinki ina ɗingishi. Lawali bai zo ba, da Sallah matarsa ya turo da yara. Duk wanda na ji zai bi ta ƙauyen nakan ce ya leƙa mini Hajo. Na baya-bayan nan ya ce akuyar ta sake haihuwa, tagwaye. Ya ce jikokin sun rame, ya ba ta shawara ta kai ɗaya kasuwa ta auno hatsi. Ta ce masa ba ta da iko, na amana ne, mai su bai zo ba tukuna.